"Sabon wuri" a bidiyo: wa ya riga masu hawan dutse zuwa can?

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu irina, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Instagram ko TikTok ba. Matashi ne hannunsa fari fat da garin alli, ya maƙale a jikin wani jan dutse a tsakiyar daji, an shimfiɗa masa katifa a ƙasa, abokansa na ta ihu. Babu igiya. Dutsen bai fi mita huɗu ko biyar ba, amma sai mutum ya yi mako yana faɗowa kafin ya kai samansa. Kada ka raina abin fa, hawan dutse ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokiyo a 2021. A ƙasan bidiyon kuma sai ka ga an rubuta wai sabon wuri ne, ba wanda ya taɓa hawa.

Wannan "sabo" ɗin ne ya tsaya min a rai. Mu da muke karatun aikin jarida an horar da mu mu riƙa tambayar abin da aka bari a wajen hoto. To bari in gaya maka abin da ake bari.

Dutsen da suka fi so shi ne dutsen yashi, wato yashin da ya dunƙule cikin miliyoyin shekaru. Iska da ruwa sun sassaƙa masa ramuka da wuraren riƙewa, kuma yana kama fatar hannu. Amma ba shi da ƙwari kamar yadda ido ke gani. Idan ya sha ruwa yakan yi laushi, wurin da ka riƙe ya ɓalle a hannunka, shi ke nan kuma ba zai dawo ba. Shi ya sa waɗanda suka san abin suke jira kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama. Babbar matsalar dai ita ce, dutsen da ya karkato ya yi rumfa, wanda mai hawa ke mafarkin samu saboda wahalarsa, shi ne daidai wurin da mutanen dā suka fake daga rana da ruwa, suka kunna wuta, suka yi zane a bango. Wuri ɗaya, ido biyu.

Dubi Rocklands, a tsaunukan Cederberg na Afirka ta Kudu, kusa da garin Clanwilliam. Yanki ne na gonakin shayin rooibos, cike da zanen mutanen San. A shekarun 1990 irin su Todd Skinner ɗan Amurka da Fred Nicole ɗan Suwizalan suka fara hawa a can, labari ya bazu. Yau duk lokacin sanyinsu, wajen Yuni zuwa Agusta, baƙi ne ke tururuwa daga Turai da Amurka. Manoma sun gina ɗakunan haya, ana sayar da takardar izinin shiga, kuɗi na shigowa. Ban musa ba. Amma a 2013 wani mai gona ya rufe sashen da ake kira Tea Garden, saboda ya gaji da shara da bahayar da baƙi ke bar masa a gona.

A Ostireliya abin ya fi haka zafi. Tsaunukan Grampians, waɗanda 'yan asalin ƙasar ke kira Gariwerd, su ma dutsen yashi ne, kuma can ne aka fi samun zanen kakanninsu a duk jihar Victoria. A 2019 hukumar gandun dajin jihar ta hana hawa a wurare masu yawa. Masu hawa suka yi ta kuka cewa an yi musu kuɗin goro, laifin kaɗan ya shafi kowa. Wataƙila suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Sai dai shekaru aka yi ana buɗe duwatsu ana raɗa musu suna ba tare da an zauna da masu wurin ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za ka ce me ya shafe mu? Ai ga Ennedi nan a arewa maso gabashin Chadi, maƙwabciyarmu. Tuddai ne na dutsen yashi a cikin Sahara, da ginshiƙai da bakuna, har da bakan Aloba mai tsayin kusan mita 120. A 2010 Mark Synnott da Alex Honnold da James Pearson suka je suka hau wasu ginshiƙan, aka yi fim. A 2016 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda kyansa da dubban zanen shanu da raƙuma da mutane da ke jikin duwatsun. Makiyaya har gobe suna shayar da raƙuma a tafkin Archei, inda 'yan kadoji suka rage a tsakiyar hamada. Nisa da wahalar hanya ne suka tsare Ennedi zuwa yanzu. Kuma don kada mu ɗora wa baƙi komai: a 2017 an samu waɗanda suka rubuta sunayensu da Larabci da Faransanci a kan wasu zanen na Archei.

Ni dai ba na adawa da wasan, gaskiya ma yana burge ni. Abin da nake so shi ne a jera abubuwa yadda ya kamata. Kafin a wallafa taswira, a fara tambayar mutanen Fada da makiyayan yankin wane dutse ne ba a taɓawa. A fara sanin wa zai yi jagora, aljihun wa kuɗin izini zai shiga, kuma wane suna dutsen yake da shi kafin baƙo ya ba shi nasa. A Rocklands da Grampians sai da cunkoso ya zo sannan aka fara wannan magana.

Kai ma kana ciki, don cunkoson ta wayarka yake bi. A da sai labarin wuri ya jira mujalla ko littafin jagora, shekaru na wucewa. Yanzu bidiyo na daƙiƙa talatin da alamar wuri a samansa sun isa. Jiya na koma kan irin bidiyon, na shiga wajen sharhi. Tambayar da ta fi yawa ita ce: ina ne nan, turo mana lokeshan.