Daren Bazara Da Ɗakin Kwano

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta kwanta wajen ƙarshen Fabrairu, sai gaisuwa ta sake a bakin jama'a. Wanda jiya ake tambayarsa yaya sanyi, yau sai a ce masa yaya zafi, shi kuwa ya amsa da cewa lokacinsa ne. Amsar nan tsohuwa ce, ta kuwa ƙunshi haƙurin mutanen da suka san bazara tun kaka da kakanni, suka kuma san cewa bayanta damina na tafe. Amma a 'yan shekarun nan an sami ƙari a kanta. Mutum ya ce lokacinsa ne, sa'an nan ya girgiza kai ya ce amma fa na bana ya wuce misali. Tun cikin Janairu waɗansu ke soma zullumin Afrilu, musamman masu tsofaffi a gida, da masu jarirai, da waɗanda ke haya a ɗaki guda mai rufin kwano.

Zullumin nan kuwa yana da tushe. Ran 3 ga Afrilu, 2024, ma'aunin zafi ya kai digiri 48 da rabi a Kayes, wani gari a yammacin ƙasar Mali. A Bamako, babban birnin ƙasar, asibitin Gabriel Toure ya ba da labarin rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali kuwa a Afrilun shekarar da ta gabace ta, watan ɗungum, mutum 130 ne suka rasu a can. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da suka haura shekara 60. Abin ya faɗo cikin watan azumi, ga kuma yawan ɗauke wutar lantarki. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution da suka bi diddigin al'amarin sun ce da zafi irin wannan bai auku ba in ba don ɗumamar da duniya ta yi ba, saboda hayaƙin man fetur da kwal da gas da ake ta ƙonawa. Bayan wata biyu sai ga labarin aikin Hajji, inda zafi ya kusa digiri 52 a Makka, aka rasa alhazai fiye da 1,300. Da shekarar ta ƙare, Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce tun da aka soma ajiye lissafi ba a taɓa ganin shekara mai zafinta ba.

Akwai wani abu cikin binciken masanan nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Sun ce a Mali da Burkina Faso ɗumamar duniya ta ƙara wa zafin rana kimanin digiri 1 da rabi, amma ta ƙara wa na dare digiri 2. Watau dare ya fi rana lalacewa.

Zafin tsakar rana ba baƙo ba ne a ƙasashen nan. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya cak bisa kan mutum, har inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ta kan sake yin haka cikin Agusta, amma a lokacin gajimare ya rufe sama, ƙasa ta sha ruwa, ba mai kuka da ita. A bazara kuwa ba gajimare, ba ciyawa, ba danshi, sai ƙasa tsirara tana shan wuta tun hantsi har la'asar. Haka abin yake a Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Yola, inda wuce digiri 40 a Afrilu ba labari ba ne. Abin da ya sa mutanen dā suka iya da shi shi ne dare ya kan rama musu. Busasshiyar ƙasa tana saurin sakin zafi bayan faɗuwar rana, kafin asuba har mutum ya nemi mayafi.

Jikin ɗan Adam na bukatar wannan ramuwa. Zafinsa na ciki digiri 37 ne, ba ya kuwa son ya ɗaga ko ya sauka da yawa. In waje ya yi zafi, sai zuciya ta ƙara bugu, ta tura jini zuwa fata, fata kuma ta fid da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Aiki ne mai nauyi ga zuciya da ƙoda, kamar na jakin da aka yi wa lodi. In dare ya yi sanyi, an sauke lodin ke nan, jaki ya huta. In kuwa dare bai yi sanyi ba, sai a wayi gari da lodin jiya a ɗora na yau a kansa, kwana uku, kwana huɗu, har wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya faɗi. Shi ya sa mace-macen zafi ba su cika zuwa a ranar farko ba, kuma da yawansu a ɗaka suke aukuwa, bisa gado. A Turai, cikin Agustan 2003, Faransa kaɗai ta rasa mutum wajen 15,000, galibinsu tsofaffi, da yawa daga ciki masu zaman kaɗaici a ɗakunan saman bene na birnin Faris, waɗanda rufinsu na ƙarfe ne.

Batun rufi kuwa shi ne ya fi shafar talaka a ƙasan nan. Maginin gargajiya bai karanta kimiyya ba, amma ginin da ya bari darasi ne. Bangon tubali mai kauri, rufin soro bisa azara, taga 'yar ƙarama, zaure mai ƙofa biyu inda iska ke ratsawa, da bishiya a tsakar gida. Ƙasa mai kauri tana jinkirin ɗaukar zafi, saboda haka kafin zafin azahar ya ratsa bangon ya kai ciki, rana ta riga ta faɗi, mutanen gida kuma sun fito da tabarmi waje. Da aka sami kuɗi sai aka rushe soro, aka sa bulo siriri da kwano, sau da yawa ba silin, aka sare bishiyar aka yi ɗakin haya a gurbinta, aka malale tsakar gida da siminti. Lalle kwano ya raba mutane da wahalar yaɓe kowace shekara da ɗigar ruwa da damina, ba mai musun wannan. Amma ɗakin kwano marar silin tanda ne da rana, bulo da siminti da kwalta kuma suna riƙe zafin su yi ta sakinsa cikin dare. Kwanan waje da ya kan ceci mutane ya yi wuya a unguwanni da yawa, saboda tsoron ɓarayi, da sauro, da cunkoson da bai bar ko filin shimfiɗa tabarma ba.

To, mai ɗakin kwano ba zai rushe ɗakinsa bana ba, saboda haka sai dabarun da ke hannu. A arewa, inda iska ke bushe, ruwa kaɗan yana aiki mai yawa. Zanen da aka jiƙa aka rataye a taga yana sanyaya iskar da ke shigowa, haka kuma yayyafa ruwa a jiki kafin kwanciya. Hikimar randa da tulu ke nan, ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, na ciki yana sanyi. Da ita ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin ajiye kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fanka kuwa tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka iska mai zafi kawai ta ke hura wa mutum, ta ƙara masa wahala. A irin wannan hali sai a jiƙa fata ko riga tukuna. Taga ta ɓangaren rana a rufe ta da rana, a buɗe duka da dare. Inda hali ya yi, a koma kwanan tsakar gida cikin gidan sauro.

Mazauna kudu, irin su Agege a Legas, da Sabo a Ibadan, da Fatakwal, nasu zafin dabam ne. Ma'auni ba ya hawa kamar na Sakkwato, amma iskar cike ta ke da danshi, gumi ya fito ya ƙi bushewa, gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya kowa ba. A Fabrairun 2024 irin wannan zafi ya rufe gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har a gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a Kwaddibuwa sai da aka riƙa tsai da wasa domin 'yan wasa su sha ruwa. A can jiƙaƙƙen zane ba ya yin abin da ya ke yi a arewa. Iska mai motsi, da wanka a kai a kai, da sutura marar nauyi su ne magani.

Shan ruwa kowa ya san shi, sai dai tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, saboda haka kai masa a ke yi, ba a jira sai ya nema. Fitsari shi ne ma'aunin talaka: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, ruwan jiki ya ragu. Wanda ya yi gumi da yawa ya kan rasa gishiri, a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a ƙara masa, ita uwar ce za ta sha ruwan. Masu hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda su nemi shawarar likita tun kafin bazara ta kankama, zama waɗansu magunguna suna ƙara fitar da ruwa daga jiki. In kuwa aka ga mutum jikinsa ya yi zafi rau, ya soma sambatu ko ya rikice ko ya suma, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da hakan a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Wani tsoron da ke tafe tare da bazara shi ne na sanƙarau, har jama'a da yawa sun ɗauka zafi ne ke haifar da shi. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin numfashi da tari daga mutum zuwa mutum. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanya, cunkoso a ɗaki marar iska kuma ya ba ta mutanen da za ta kama. Shi ya sa annobar kan tashi da rani, ta lafa da saukar ruwan farko. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Rigakafin da aka soma a 2011 ya karya lagon irin ƙwayar da ta yi wannan ɓarna, amma a 2017 wata irin ta ɓulla a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, ta ci rai fiye da 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne ana cewa zafi ne.

Sauran aikin na Hukuma ne. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutum fiye da 1,300 a zafin Mayun 2010, sai a 2013 ya tsara shiri na musamman: a sanar da jama'a kwanaki kafin zafin ya iso, a horad da ma'aikatan asibiti, a ajiye ruwan sha a wuraren taruwa. Daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, wanda ke mai da hasken rana sama, ya rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A Saliyo, birnin Freetown ya naɗa Eugenia Kargbo a 2021 ta zama jami'ar kula da zafi, ta farko a Afirka, aka kuwa soma da yi wa matan kasuwa rumfuna. Ba ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma a ƙasan nan. Hukumar NiMet tana fid da gargaɗi in zafi mai tsanani na tafe, saura ya kai kunnen mai unguwa da liman da sarkin tasha, da harshen da su ke ji. Makarantu su tashi kafin azahar a makonnin da abin ya tsananta, leburori a ba su hutun tsakar rana, a kafa randuna a tasha da kasuwa. Duk ɗan kwangilar da ya sare darbejiya domin faɗaɗa hanya kuma, a rubuta masa cikin takardar kwangila yawan waɗanda zai dasa, da shekarun da zai yi yana ba su ruwa.