Bindigar iska mai araha: Abin da mai sha'awar wasan harbi zai duba kafin ya saki kuɗinsa

Duk wanda ke riƙe da waya a tsakiyar shekarar 2024 da wuya a ce bai ci karo da hoton Yusuf Dikeç ba, ɗan Turkiyyan nan mai shekara 51 da ya tsaya a gasar Olamfik ta Faransa da farar riga da tabarau irin na kowa, hannu ɗaya a aljihu, ya kuma tashi da lambar azurfa tare da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan. Hoton ya sa matasa da yawa sun fara tambayar yadda ake shiga wannan wasa, da kuma nawa ake sayar da irin bindigar.

Amsar tambaya ta biyu ba ta da daɗi. Bindigogin da ake hawa Olamfik da su, irin na kamfanonin Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Pardini na Italiya, da Walther da Feinwerkbau na Jamus, kowacce kan kai dala 2,000 ko ta haura. Wannan ne ke tura mai sha'awa neman mai araha, kuma a nan ne ake yawan yin asara, domin abin da ya fi ɗaukar ido a kasuwa shi ne ya fi rashin amfani a filin gasa.

Kafin maganar kuɗi akwai maganar doka, wadda masu talla a intanet ba sa ambata. A Ingila babba zai iya mallakar ƙaramar bindigar iska mai ƙaramin ƙarfi ba tare da lasisi ba. A Jamus ma haka ne ga wanda ya kai shekara 18, matuƙar ƙarfin bindigar bai wuce ma'aunin jul 7.5 ba. Najeriya ba haka take ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta lissafa bindigogin iska, manya da ƙanana, a rukunin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe su, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba. Shigo da su daga waje ma yana da nasa izinin daban. Saboda haka wanda ya yi oda daga wani shagon intanet, ko ya roƙi ɗan'uwa ya saƙo masa ita a jaka, bai yi araha ba. Ya sayi rigima ce da kwastam da 'yan sanda, kuma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Mazauna Nijar, Ghana, Kamaru da sauran ƙasashe su ma sai su fara da ofishin hukuma kafin shago.

Wanda ya warware wannan, sai ya san wasan da yake son shiga, don shi ne zai gaya masa irin bindigar da yake bukata. Gasar ƙaramar bindigar iska ta shiga Olamfik a 1988, a birnin Seoul. Ana harbi ne daga nisan mita 10, a tsaye, da hannu ɗaya. Shi ya sa Dikeç ya zura ɗayan a aljihu, haka kusan kowane ɗan wasa ke yi. Harsashin ɗan ƙanƙanin dalma ne mai faɗin milimita 4.5. Da'irar tsakiya, mai maki 10, faɗinta milimita 11.5 ne kacal, ba ta fi maɓallin riga ba. Ana harbi 60 cikin minti 75, kuma Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya taɓa cin maki 594 cikin 600 a 2009. Hukumar wasan ta duniya, ISSF, ta ce nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500, kunamarta kuma kada ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba. Babu madubin hange, babu jan haske mai nuna wuri. Saitin ƙarfe ne kawai, na gaba da na baya.

A cikin duk waɗannan ƙa'idoji babu inda ƙarfin harbi ya ba da maki. Aikin harsashin shi ne ya huda takarda a mita 10, shi ke nan. Amma abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalin bindigogi masu araha shi ne gudun harsashi, kuma shi ne abin da mai koyo bai kamata ya biya ko sisi a kansa ba.

Bindigar da ta fi jan hankalin matasa ita ce wadda aka ƙera ta yi kama da ta jami'an tsaro, baƙa wul, mai jigidar harsashi, mai amfani da ƙaramar kwalbar iskar gas ta CO2. Ita ce ya fi dacewa a guje wa. Yawancinsu ƙananan ƙwallayen ƙarfe suke harbawa ta bututu mai santsi, wanda ba shi da zanen da ke murza harsashi ya tafi sak, don haka harbi goma kan watsu kamar an watsa tsaba. Ƙwallon ƙarfe kuma idan ya bugi bango ko dutse dawowa yake yi, kuma ido yake nema. Saitinsu a kafe yake, ba a iya motsa shi. Sannan ga babban haɗari: ɗan sanda a shingen bincike da dare, ko ɗan sintiri a unguwa, ba shi da lokacin tantance ta wasa ce ko ta gaske. A birnin Cleveland na Amurka, a 2014, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar wasa mai kama da ta gaske. A yankin da fashi da garkuwa da mutane suka sa kowa a ɗar-ɗar, wannan kamannin ba ado ba ne.

Iskar CO2 ita kanta ba ta jituwa da yanayin ƙasar Hausa. A cikin kwalbar ruwa-ruwa take, kuma matsinta yana hawa da sauka da zafin gari. Bindigar da aka daidaita saitinta da sanyin safiyar hunturu za ta sauya wurin bugu da rana ta take. Da zafi ya wuce digiri 31, iskar ba ta ma zama ruwa a kwalbar, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu kan haura digiri 40. Barin kwalbar a cikin mota a rana ganganci ne. Ƙari a kan haka, kowace kwalba harbi kaɗan take yi ta ƙare, kuma daga waje ake kawo ta, da dala.

Akwai masu sifirin, waɗanda ake karya bututun a ɗana. Suna da ƙarko, ba sa bukatar komai sai harsashi, amma idan an taɓa kunama sifirin ɗin kan zabura kafin harsashi ya fita, hannu ya girgiza. Gwani zai iya sarrafa su. Mai koyo kuwa ba zai gane ko kuskuren nasa ne ko na bindigar ba. Tsohuwar Feinwerkbau 65 ta Jamus, wadda aka yi mata dabarar shanye wannan girgiza, ita ce ta fita daban, kuma ta daɗe tana cin gasa kafin a daina yayinta.

Wadda ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce mai famfo sau ɗaya. Ana buɗe hannun famfon, a sa harsashi guda, a rufe, iskar da aka matse ta isa harbi ɗaya. Ba girgiza, ba kwalba, ba ruwanta da zafi ko sanyi. Baikal IZH-46M ta Rasha ita ce ta yi suna a wannan aji, don kunamarta da bututunta sun kusa na manyan, duk da cewa gabanta na da nauyi kuma ba ta da kyan gani. Ta yi wuyar samu a kasuwannin Yamma tun bayan takunkumin da aka sa wa kamfanonin makaman Rasha a 2014. Akwai Gamo Compact ta Sifen da FAS 6004 ta Italiya, masu mariƙin katako da aka sassaƙa daidai tafin hannu, kuɗinsu 'yan ɗaruruwan daloli ne. A can ƙasa kuma akwai Beeman P17, ta roba, ƙirar Sin, wadda aka kwaikwayo daga Weihrauch HW40 ta Jamus, ba ta kai dala 100 ba. Rufe ta na bukatar ƙarfi, robobin da ke tare iska a cikinta kan lalace da wuri, kuma ba da ita za a ci kofi ba. Amma ta isa ta nuna wa mutum cikin wata uku ko da gaske yake son wasan ko hoton Dikeç ne kawai ya burge shi.

Abin da za a ce a kan wannan aji gaskiya ne: famfo sau 60 yana gajiyar da hannun da ake so ya tsaya cak, shi ya sa manyan 'yan wasa suka koma masu tukunyar iska. Waɗannan, irin su Hämmerli AP20 da ake yi wa masu farawa, sun fi daɗin harbi nesa ba kusa ba. Sai dai kuɗin bindigar somin taɓi ne. Tukunyarta na ɗaukar matsin iska har ma'aunin ba 200, alhali tayar mota ba ta wuce biyu da ɗoriya ba, don haka injin mai faci ba zai cika ta ba. Sai an sayi famfo na musamman ko babbar tukunya irin ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku. Wanda ya kai ta wurin mai walda a ɗura mata iskar oksijin ya haɗa bam ne da hannunsa. Dokar ISSF kuma ba ta yarda a shiga gasa da tukunyar da ta wuce shekara 10 ba, abin da mai sayen ta hannu ya kamata ya duba a jikin tukunyar kafin a yi ciniki.

Ko wace iri aka zaɓa, kunama ce zuciyar bindigar gasa. Mai kyau tana da zango biyu: yatsa ya ja a hankali har ya ji ta tsaya, sannan ɗan ƙari kaɗan ta tashi, ba ja-in-ja, ba kakarewa. Kunama mai tauri kan sa bakin bindiga ya kauce daidai lokacin da harsashi zai fita, kuma kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta mai da maki 10 ya koma 7. Bayanta sai saitin baya mai ƙusoshin juyawa, sama da ƙasa, dama da hagu. Sai mariƙi: mai bahago ya tambaya tun da wuri, don yawancin na katako na hannun dama ne. Yana da kyau kuma a san ko ana iya ɗana kunamar a taɓa ba tare da harsashi ba, domin da irin wannan atisaye na bushe-bushe 'yan wasa ke cinye sa'o'i masu yawa, kuma kyauta ne. Mai sifirin ba a yi mata haka, lalacewa take yi.

Harsashi ba wurin tsimi ba ne. Na gasa mai shafaffen kai ne, yana yanka rami mai tsabta a takarda, ana sayar da shi 500 a gwangwani. Mai tsini da ake tallatawa don harbin tsuntsu ba shi da wuri a nan. Dalma guba ce, don haka a wanke hannu bayan atisaye, kada kuma a riƙe harsashi a baki kamar yadda wasu ke yi. Ƙurar hunturu na cin robobin bindiga, sai a riƙa ajiye ta a akwati a kulle, a tanadi robobin canji tun ranar saye, a kuma nisanta ta da man inji.

Wurin harbin ma kuɗi ne. Ana bukatar fili mai tsawon mita 10 da ƙofa ɗaya da za a iya rufewa, da akwatin ƙarfe mai tare harsashi a bayan takardar. Tsakar gida, inda yara da awaki ke gilmawa, ba ta cikin lissafi. Ƙaramin harsashin nan ya isa ya tsiyayar da ido.

Idan aka tara lasisi, bindiga, harsashi da wuri, za a ga cewa hanya mafi araha ita ce kada mai koyo ya sayi komai a shekararsa ta farko. Haka ake yi a Jamus, inda ƙungiyar maharba ta ƙasa ke da mambobi fiye da miliyan ɗaya, kuma kulob na ƙauye ke ara wa sabon shiga bindiga yana harbi a gaban mai horarwa. Indiya ta bi hanyar makarantun horarwa bayan zinaren Abhinav Bindra na 2008, ga shi a 2024 Manu Bhaker ta ci tagulla biyu da ƙaramar bindigar iska tana da shekara 22.

Nan ne aikin hukumomi yake. Najeriya na da hukumar wasan harbi ta ƙasa, jihohi na da hukumomin wasanni, jami'o'i da barikoki na da ɗakunan da suka fi mita 10 tsawo suna zaune a kulle. Bindiga biyar masu famfo sau ɗaya, da lasisi a sunan kulob, a ma'ajiya ɗaya mai rajista, za su ishi matasa masu yawa su koyi wasan bi da bi, kuma kuɗinsu duka bai fi na bindigar Olamfik ɗaya ko biyu ba. Ya rage wa rundunar 'yan sanda ta fito da tsari a rubuce na lasisin kulob ɗin wasa, dabam da na mai neman bindigar farauta ko ta tsaron gida, ta bayyana takardun da ake bukata, kuɗin da za a biya da kwanakin da za a jira.