A kashe faifan, mu ji muryar

Ranar 8 ga Mayun 2006, Neil Tennant da Chris Lowe, wato Pet Shop Boys, suka hau dandamalin gidan wasa na Mermaid a Landan tare da makaɗan BBC Concert Orchestra. Abin da aka naɗa a wannan dare shi ya zama faifansu mai suna Concrete. Mutanen nan fa da kiɗan na'ura duniya ta san su, amma suka rera "Rent" da "West End Girls" da masu goge da masu busa, ga jama'a na saurare. Ni a ganina, a irin wannan fage ake gane mawaƙi.

To mu fa? Ana karɓar kuɗin ƙungiya a hannunmu, a gayyato mawaƙi, ya saki waƙar da ke cikin wayoyinmu yana motsa baki, mu kuma muna ta ihu. Haba jama'a!

Ban ce a kawo mana masu gogen Turawa ba. Mai kalangu, mai jita da mai fiyano sun wadatar. Kafin mu 'yan ajin ƙarshe mu tafi, shugabannin ƙungiya su sa sharaɗi: wanda ba zai rera da bakinsa ba, kada a biya shi ko sisi.