GUDUN TSERE KO GUDUN HIJIRA?

Ya ku talakawa 'yan'uwanmu na ƙasar Gobir, da ku 'yan kasuwa masu kasa kaya a Sabon Birni da Isa da Gatawa, yau maganar 'ya'yanmu mata za mu yi, kuma muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon wasannin makaranta na ƙarshen shekara ya san irin yarinyar da muke nufi. 'Yar talaka ce, ba ta da takalmi, ƙafarta ta saba da ɗaukar ruwa daga rijiya da kai abinci gona. Ana busa usur sai ta bar sa'o'inta a baya kamar an ɗaure su. A ba ta bokiti ko sabulu ko littafin rubutu, babban baƙo ya yi jawabi, a tafa, a watse. To, sai mu yi tambaya: bayan shekara biyar ina yarinyar nan take? Mahukunta ba su sani ba, ba su kuma nemi sani ba. Mu kuwa mun sani, gama a gidajenmu take. Ko dai tana ɗauke da farantin talla, ko an yi mata aure tun ba ta gama aji shida ba, ko kuwa tana wani kangon gida a Gidan Runji cikin ƙasar Maraɗi tare da uwarta, sun guje wa 'yan bindiga.

Abin da muke cewa shi ne, hanyar da ta kamata yarinyar nan ta bi tana nan a fili: daga filin wasa zuwa sakandare, daga sakandare zuwa kwalejin horon malamai, daga can ta komo ƙauyensu ta riƙe alli a makarantar elementare. Kada wani ya ce mun raina ta da ba mu ce ta zama zakarar duniya ba. Mun san labarin Tobi Amusan ta Ijebu Ode, wadda ta kafa tarihi a tseren tsallake shinge na mita 100 a Amurka cikin 2022, da daƙiƙa 12.12. Allah ya ƙara mata. Amma irinta ɗaya ce cikin dubbai, kuma ku lura, iyayenta duka biyu malaman makaranta ne. Watau kafin gari ya haifi gwanar gudu, sai ya fara samun malami. Mu a Gobir malamar muke nema tukuna.

Me ya sa muka ce mai gudu? Domin yarinyar da ta iya tsayawa gaban jama'a ta yi tsere ba ta firgita ba, ta riga ta sami rabin abin da malanta ke bukata. Ta san tashi da asuba, ta san bin doka, ta san a kayar da ita yau ta komo gobe. Kuma sau da yawa wasan nan shi ke riƙe ta a makaranta lokacin da ƙawayenta ke zamewa ɗaya bayan ɗaya, saboda uban da ya ji an kira sunan gidansa a lasifika yakan ƙara mata shekara guda. Irin wannan yarinya in ta zama malama, yara za su bi ta, iyaye mata kuma za su saki jiki su ba ta 'ya'yansu. Kowa ya sani akwai magidanta da yawa a ƙauyukanmu waɗanda ba za su bar 'yarsu da ta fara girma ta zauna gaban malami namiji baƙo ba. Ana iya zaginsu daga Sakkwato a ce jahilai ne. Zagi bai taɓa cika aji ba. A kawo musu malama 'yar garinsu, wadda suka san uwarta da kakarta, a ga abin da zai faru.

Masu cewa wannan baƙon abu ne, ko al'adar Nasara ce, sai mu tuna musu tarihin da suke taƙama da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta naɗa jajis, ta ba kowace malfa, ta aike su ƙauye ƙauye suna karantad da mata 'yan taru. Gobir kuwa tun zamanin Alƙalawa tana da sarautar Inna, mace mai faɗa a ji a fada. Turawan mulki da kansu, duk da rowarsu ta ilmi, sun buɗe makarantar horad da mata a Sakkwato a 1939. Malam Aminu Kano ma da alli ya fara, ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru cikin Lardin Sakkwato, kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi gwagwarmayar talakawa. Ashe wanda ke hana mace koyarwa shi ne ya zo da baƙon abu.

To, ina hanyar ta yanke? Wuri na fari kowa ya san shi. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da ƙauyukan kusa da su a ƙasar Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. A Disamba na shekarar nan, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, har da na Isa da na Sabon Birni. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. A Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. In mai rawani bai tsira ba, wane uba ne zai ɗora 'yarsa a mota ya ce ta tafi karatu? Ba mu ga laifin rufe makaranta don ceton rai ba. Laifin da muke gani shi ne, 'ya'yan manya an mai da su makarantun kuɗi a Sakkwato da Kaduna da Abuja, 'yar talaka kuwa aka ce ta jira.

Wuri na biyu shi ne kuɗi. Yau ba a ɗaukar malamin elementare bisa ƙa'ida sai da takardar NCE, karatun shekara uku ke nan a irin Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa iya lissafi. Ku haɗa kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci da na mota, ku auna da abin da manomi ke samu, manomin da sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa. An taɓa samun maganin wannan. A 2008 aka fara wani shiri na ba 'yan matan karkara tallafin karatun malanta a jihohin Sakkwato da Katsina da Bauci da Neja, da taimakon UNICEF da kuɗin gwamnatin Ingila, bisa sharaɗin in yarinya ta gama za ta koma ƙauye ta koyar shekara biyu. Dabara ce mai kyau, mun yaba. Amma babban shirin ilmin mata da ya ɗauki nauyinta ya ƙare a 2022. Abin kunya ne a ce sai Bature ya buɗe jakarsa kafin 'yar Bagobiri ta zama malama, in ya rufe kuma shi ke nan.

Wuri na uku, ɗaukar aiki. Yarinya ta sha wahala ta gama, ta komo da takarda, sai a ce mata ta kawo wasiƙa daga wani babba. Wadda ke da uba a gindin murhu a ba ta aiki da sunan makarantar ƙauye, ta zauna a birni tana karɓar albashi, ajin kuwa awaki ke kwana ciki. An yi shelar dokar ta-ɓaci kan ilmi a jihar nan a 2015, gwamnati ta tafi wata ta zo, har yanzu muna jiran a karanta mana a bainar jama'a malamai mata nawa ke koyarwa a kowace gunduma ta Isa da Sabon Birni.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba roƙo muke yi ba, gama da harajinmu ake aikin. Kowace shekara ƙaramar hukumar Isa da ta Sabon Birni su zaɓi 'yan mata daga kowace gunduma, waɗanda suka yi fice a aji da a filin wasa, su ɗauki nauyinsu har su gama kwaleji. A karanta sunayen a kasuwa ranar da take ci, don kada jerin ya cika da 'ya'yan kansiloli. Wadda ta gama a ba ta aiki a garinsu ba tare da wasiƙar kowa ba, a biya ta kan kari, a kuma tsare makarantar da za ta koyar. Kada a ce babu kuɗi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma daga kason nan ake biyan malaman elementare. A nuna mana lissafi.

Ku kuma shugabannin 'yan kasuwa, da sarakunan pawa da na dillalai, da mata masu adashi, kuna da abin yi tun kafin hukuma ta farka. Layin 'yan hatsi kaɗai in suka haɗa kai za su iya riƙe yarinya guda a kwaleji. Wakilan rassan jam'iyya su tattara sunayen 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida, har da waɗanda ke gudun hijira a tsallaken iyaka, su kawo ofis kafin taron wata mai zuwa, mu kai wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu hannu da hannu.