KAYAN KALLO: Sifika mai om 4 ba kowace amfilifaya ke ɗaukar ta ba

Duk mai bibiyar finafinan Hausa ya san rabin daɗin fim a waƙa ya ke. Shi ya sa matashi zai yi wata da watanni ya na tara kuɗi don ya sayi amfilifaya irin ta gida, wadda wasu masu shago ke kira risiba, saboda in waƙa ta zo fiyano da ganga su cika ɗaki. To amma sau da dama ba a rufa wata biyu sai a ga an ɗaure ta a bayan mashin an nufi wajen mai gyara, ana ta zagin wutar gari, alhali laifin na wata 'yar lamba ce da ke rubuce a bayan sifika.

Lambar ita ce om: 8, 6, 4, wani lokaci ma 3. Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. In lambar ta yi ƙasa, tarewar ta ragu kenan, wuta ta ƙaru. In aka bar ƙara a wuri ɗaya, mai om 4 na jan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja, kuma wutar nan ita ke zama zafi a cikin na'urar. Mai hankali sai ta rubuta PROTECT ta kashe kan ta. Wata kuwa ƙauri kawai za a ji. Sa'annan lambar ba a tsaye ta ke ba, mai om 4 kan faɗo kusan 3 a wasu sautukan.

Ina samari ke samo irin waɗannan sifiku? Na mota da kafinta ke yi wa akwati galibin su om 4 ne. Na tsofaffin hom-tiyata na Sony ko Panasonic, waɗanda injin su ya mutu aka ajiye sifikun, da yawa om 3 ne. Akwai kuma masu cusa wayoyin sifiku biyu a rami ɗaya: biyu masu om 8 sun koma 4, biyu masu om 4 sun koma 2. To fa! Nan ne ake asara.

Don haka wanda ya shiga Kasuwar Sabon Gari a Kano ya manta da “3000W PMPO” da aka zana a kwali, wannan ado ne kawai. Wat na gaskiya shi ne mai RMS. Ya juya na'urar ya karanta rubutun da ke kusa da ramukan waya. In an sa 4 zuwa 16, ta yi wa mai om 4. In 6 ko 8 ce mafi ƙaranci, ya haƙura ko da kyan ta ya kai ina. Mai om 3 kuwa gara a bar ta da irin injin da ta zo da shi. Mai ramukan A da B, in za a kunna duka biyun lokaci guda, ta kan buƙaci kowace sifika ta kai om 8 ko fiye.

Wasu na Yamaha da Onkyo na da wurin zaɓen om. Kada a ɗauka ƙarfi ya ke ƙarawa, rage shi ma ya ke yi don kada ta yi zafi. 'Yar gwanjo kuma a duba ko ta Amurka ce mai volt 120, domin wutar Nijeriya 230 ce.

Mai dabara da sifikar sa ya ke zuwa shago, a haɗa, a sa waƙa mai nauyi kamar minti 20, ya ɗora hannu a saman ta. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in hannu bai iya zama ba, a sake wata. A gida kuma, musamman a zafin watan Afrilu, kada a ɗora mata DVD a kai ko a rufe ta da leshi don kwalliya, ramukan saman nan ta nan ta ke shan iska.