Motar nishaɗi: a auna hanya kafin a auna fenti

Galibin ƙananan motocin da ke yawo a titunan Yamai da Maraɗi, irin su Toyota Corolla da Yaris, ƙafafun gaba ne ke jansu, su ne kuma ke juya su. Masu ƙera motoci sun rungumi wannan tsari don ya fi arha, ya kuma fi bar wa fasinja wuri. Amma a cikin ƴan kasuwa da ma'aikata akwai waɗanda tuƙin kansa ne ke yi musu daɗi, kuma irin waɗannan hankalinsu kan karkata ga motar tsere wadda ƙafafun baya ke turawa.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, haka aka yi ta, kuma ita ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Mercedes 190 ma haka take. Hikimar ita ce rabon aiki: ƙafafun gaba suna bin sitiyari kaɗai, na baya suna ɗaukar ƙarfin inji. Idan direba ya taka totur, nauyin mota yakan koma baya, tayoyin baya su ƙara kama ƙasa, sitiyari kuma ya kasance sakayau a hannu, yana sanar da direba abin da hanya ke ciki.

Mai neman irin wannan mota yana da zaɓi uku sanannu. Ta farko Mazda MX-5, wadda Japan ta fitar a 1989: kujeru biyu, rufi mai buɗewa, inji ƙarami. A 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 1, abin da ya sa kayan gyaranta suka fi na sauran samuwa. Samfurin 2015 nauyinsa wajen kilo 1.000 ne, kuma wannan rashin nauyi shi ne sirrin daɗinta. Ta biyu Toyota GT86, wadda aka yi tare da Subaru a 2012: inji mai lita 2, ƙarfin doki 200, rufi na ƙarfe, da ƴan kujerun baya da ba su wuce na yara ba. A 2021 GR86 mai lita 2,4 ta gaje ta. Na uku su ne na Jamus, wato BMW Z4 ta 2002 da Porsche Boxster ta 1996, wadda injinta ke bayan direba. Sun fi ƙarfi da ƙima, amma gyaransu kan cinye riba, kuma ba kowane makanike ne ke iya taɓa su ba.

Sai dai kyan ɗan maciji gare su. Ƙarfin da ke tura mota daga baya shi ne kan juya ta. Idan direba ya cika totur a cikin kwana, ko tayoyi suka hau rairayin da iska ta watsa bisa gudron, ko ruwan farkon damina ya jiƙa hanya, bayan mota yakan zame ya nemi wuce gabanta. Wanda ya saba da Corolla zai taka birki a firgice, lamarin kuma ya ƙara ɓaci. Saboda haka wajibi ne a tabbatar motar tana da na'urar daidaita tafiya, wadda ake kira ESP, mai kama ƙafa ɗaya-ɗaya da birki idan mota ta fara zamewa. Tun Nuwamban 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta ga kowace sabuwar mota, amma tsofaffin MX-5 na farko ba su da ita. Tayoyin baya kuwa ba wurin tsimi ba ne.

Abu na biyu hanya. Tsakanin cikin GT86 da ƙasa santimita 13 ne kacal. Rami ɗaya a kan hanyar Dosso zuwa Damagaram, ko tudun rage gudu a bakin ƙauye, ya isa ya fasa kaskon man inji. Rufin yadi kuma ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu. Injunan nan suna son fetur mai tsabta daga gidan mai. Na kwalba da ake sayarwa a gefen titi yana iya lalata su.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga motar a garaji a dubi ƙarƙashinta, domin gishirin da ake watsawa a hanyoyin Turai lokacin sanyi yana haddasa tsatsa. A kula da gefen da sitiyari yake: motocin da aka yi don kasuwar Japan da Ingila nasu yana dama, alhali a Nijar hannun dama ake bi, wuce babbar mota da irin wannan kuwa ganganci ne. A lissafa kuɗin duwan da asiransi tun farko. A fifita giyar hannu, wadda ta fi daɗin tuƙi, ta kuma fi sauƙin gyara.

Mai iyali wanda mota ɗaya ce ƙarfinsa, wannan ba tasa ba ce. Wanda kuwa yake da ta aiki, yana neman ta shaƙatawa, GT86 ta fi dacewa da yanayin Sahel saboda rufinta na ƙarfe, MX-5 kuma ta fi sauƙin riƙo. Kowace ya zaɓa, ya fara koyon halinta a fili, nesa da jama'a, kafin ya hau titi da ita. Allah ya kiyaye hanya.