Kafin a Sa Ki Barcin Tiyata



Kwanakin baya wata ɗalibata a ajin matan aure ta nemi izinin sati biyu, za a cire mata ƙari a ƙwan mahaifa. Irin tiyatar nan ce da ba a tsaga ciki, sai a huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu a zura kyamara. Na tambaye ta ko likitan barci ya san tana fama da yawan ciwon kai da hawan jini. Sai ta ce, "Malama, me ya haɗa ciki da kai?"

To 'yar uwa, akwai haɗi. Kafin likita ya ga wurin aiki, sai an hura cikin da iskar kabon ya kumbura. A aikin mata kuma akan karkata gado, kai ƙasa ƙafa sama, don hanji ya matsa. Wannan yana hana jini saukowa daga kai da sauƙi, sai matsi ya ƙaru a cikin ƙoƙon kai. Jiki kuma yana tsotsar iskar, ita ma ta buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

A nan ne zaɓin maganin barci ke da muhimmanci. Akwai na allura, fari kamar madara, mai suna firofofol, yana rage jinin da ke hawa kai, matsin ya sassauta. Akwai na shaƙa, irin su sibofuluren, yana barin jini da oksijin su wadata a ƙwaƙwalwa, amma in ya yi yawa matsin kan ƙaru. Likita yana auna su ne da abin da kika faɗa masa.

Ga mai lafiya, komai kan daidaita bayan aiki. Abin tsoron yana ga mai hawan jini, mai hawan jinin ido, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko aka taɓa yi mata aiki a kai.

Don haka kada kunya ta rufe miki baki. Ki lissafa masa duk abin da kike sha, har saiwoyi da kayan mata. Ki kuma kiyaye umarnin barin abinci, galibi awa 6 kafin aiki.

Ɗalibata ta koma ta faɗa, an daidaita jininta kafin a shiga da ita, ga ta nan ta dawo aji.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai wata mai zuwa.